Ranar Magariba Biyu

Kakarmu ba ta san kwanan watan Bature ba, kuma ban taɓa ganin alamar ta ji ta yi asarar wani abu ba. In ka tambaye ta yaushe aka haifi wane, sai ta ce shekarar da babbar kwata ta cika ta tafi da awakin mutane. Yaushe wance ta yi aure? Makon da aka kawo famfo unguwa. Kowace rana a wurinta tana da kayan da ta ɗauko, da kayan take gane ta. Amma akwai wata Talata guda da ta fi sauran kwanaki kaya, don a cikinta aka yi haihuwa, aka yi mutuwa, kuma aka yi abin da Ankara, babban birnin Gana, duka ta fito waje ta ɗaga kai sama. Ita wannan ranar sau ɗaya kawai take ba mu labarinta a shekara.

A Nima na tashi, a gidan haya mai ɗakuna goma sha ɗaya da tsakar gida guda. Akwai Kotokoli, akwai Moshi, akwai Zabarmawa, akwai wata mata mai sayar da dokunu, tuwon masarar Ankara, da ba ta jin Hausa sai ta zagi. Unguwa na kiran kakarmu Mma Asibi mai wake da shinkafa, mu kuwa Kaka muke cewa. Da an idar da magariba sai ta hura murhu ta ɗora babbar tukunya, ta jefa karan dafi don abincin gobe ya yi ja, mu jikoki mu zagaye ta da faranti muna tsince tsakuwa a wake. Ladan aikinmu tatsuniya. Wanda ya bar tsakuwa ta wuce, gobe a bayan kowa zai zauna, inda hayaƙi ke zuwa. Ni na sha zama a can, don in labari ya yi daɗi hannuna tsayawa yake.

Kakanmu namiji, Malam Isaka, wanda duk Nima ke kira Baba Ladan, ba ya shiga cikinmu. Buzunsa na can bakin ƙofar ɗakinsa, yana jan carbi yana nuna kamar ba ya ji. Ƙarya yake, duk yana ji. Mutum ne dogo, marar yawan magana, mai son komai ya zo daidai. Sau ɗaya a shekara, in mangwaro ya fara nuna kuma ruwan farko ya sauka, sai ya zaɓi wata Talata ya tashi da azumi shi kaɗai. Mutane Litinin da Alhamis suke yi, shi Talata. Ran nan Kaka da kanta take dama masa koko ta soya ƙosai, ba ta yarda wata ta taɓa. Tana jira ya kai ludayi na uku baki, sai ta gyara zama ta kalle mu.

“Ku matso. Yau babu kura babu zomo. Wanda za mu yi da shi ga shi can a kan buzu yana shan koko.”

“Asibi, ki ji tsoron Allah.”

“Shi nake ji, Malam, shi ya sa ba na ƙari.”

Ta ce a lokacin Nima ba haka take ba. Gidajen laka ne jefi-jefi, da garken shanu, da ciyawa har ƙugu. Kana tsaye a ƙofar masallaci kana hango inda jirgin sama ke sauka. Malam Isaka ya zo ne daga can wajen Dogondutsi, a ƙafa, yana bin shanun wani. Ya sami aikin gadi a unguwar Turawa, daga bayan isha'i har gari ya waye. Da aka ji muryarsa sai aka ba shi ladanci a ɗan masallacin unguwa. Asuba kaɗai wani tsoho ke riƙe masa don lokacin yana wurin aiki, sauran huɗun nasa ne. Ba shi da agogo. Wata sanda ya kafa a ƙofar masallaci, yana auna inuwarta da tafin ƙafarsa. Muryar kuwa har Maamobi ake jin ta, ba lasifika ba komai. Mutane suka riƙa cewa ko agogon gidan waya na cikin gari sai ya ji Isaka yake gyara kansa.

“Kuma ya yarda,” in ji Kaka. “Nan gizo ke saƙar. Mutum ya yarda shi ba ya kuskure.”

“Ban taɓa faɗa ba.”

“Ba sai ka faɗa ba, tafiyarka ke faɗa.”

Ita kuwa daga Salaga aka kawo ta, yarinya ɗanya. Da ta sami cikin fari ya kamata ta koma gida ta haihu a gaban uwarta, amma hanya da nisa, ga damina ta kama. Sai wata tsohuwa Bakotokoliya da ke ɗakin kusa da nasu, Mma Hawa, ta ce ba inda za ta, ita ce uwarta a nan. Ita ta koya mata girkin Ankara, ita ta koya mata ciniki a kasuwa da yaren Tuwi, ita ke tsawata wa Malam in ya ɗaure fuska. Duk sanda Kaka ta iso nan sai muryarta ta sauka, ta ɗan tura itace cikin wuta kafin ta ci gaba.

Mma Hawa ta yi doguwar jinya, har azumin bara ya wuce ta gaba ɗaya ba ta kai ko guda ba. Da ta ɗan ji sauƙi sai ta shiga ramuwa. Wani zare ta ɗaura a bakin zanenta, duk wanda ta kai sai ta yi ƙulli ɗaya. Liman ya zo har ɗaki ya ce mata tsohuwa marar lafiya irinta ciyarwa ta ishe ta. Ta ce ta ji, ta gode, amma ba za ta tafi da ramuwa a wuyanta ba. Haka ta yi ta lallaɓawa, yau ta yi, gobe ta huta, har ƙulli ya kai ashirin da tara. Ranar Talatar nan saura ɗaya. Ta ɗaura niyya tun dare, da asuba kuma ciwon ya dawo da ƙarfinsa. 'Yarta Adiza, wadda ke jinyarta, ta zauna da ƙoƙon ruwa tana roƙonta ta sha, tsohuwa ta juya fuska bango. Abu ɗaya take iya cewa: sai ta ji kiran Isaka.

A wannan safiyar ce Kaka ta shiga naƙuda sosai, bayan ta kwana biyu tana fama. Malam ya dawo daga gadi bai runtsa ba, jiya ma haka. Ya yi ta kai da kawo a ƙofar ɗaki har ungozoma ta fito ta kore shi, ta ce nan ba wurin namiji ba ne. Ya kira azahar, aka yi salla, sai ya shiga wani ɗan ɗaki a jikin masallaci inda ake ajiye tabarmi, ɗakin ko taga babu. Ya ce bari ya ɗan kishingiɗa kafin inuwa ta kai la'asar.

“Ina durƙushe,” in ji Kaka, “sai na ga hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ya koma kamar ruwan karan dafi. Na ce shi ke nan, idona ya fara rufewa, tafiya ce ta zo. Na ce wa ungozoma ta yafe mini. Ta ce in yi shiru in yi nishi, ita ma abin da take gani ke nan.”

Husufin rana ne. Masu karanta jarida a cikin gari an ce sun sani tun da wuri, amma ba wanda ya tako Nima ya gaya wa kowa. Liman ma ya tafi kasuwar shanu. Rana na tsaka da tafiya sai ta fara raguwa, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, shanu suka kama kuka. Yara suka kwaso gwangwani suna bugawa, mata suka riƙa dakan turmi ba komai a ciki, wai a saki rana. Wasu na salati, wasu na neman gafarar waɗanda suka shekara ba sa gaisawa. Kaka ta ce akwai wani mahauci da ya fito fili ya faɗi abin da yake yi wa sikelinsa, da rana ta dawo ya ce shi bai tuna ya ce komai ba.

Hayaniyar nan ce ta ta da Malam. Ya fito da barci a idonsa, ya tarar da duhu. Ga tauraro ɗaya a sama, ga kaji sun shige, ga jemagun nan na bishiyoyin hanyar barikin soja sun tashi. Abin da ya zo masa a rai guda ne: ya yi barci la'asar ta wuce, rana ta faɗi, yau Isaka ya makara, kuma wannan ihun duk shi ake yi wa. Bai tambayi kowa ba. Ya haye 'yan matakala ukun da yake kiran salla a kansu, ya toshe kunnuwansa da yatsu, ya rufe ido kamar yadda ya saba, ya saki murya. Mutane na ta ɗaga masa hannu suna kiransa, ina, ba ya ji ba ya gani.

A nan mu yara muke fara tuntsirewa, don mun san abin da ke tafe. Kaka kuma sai ta ja abin, ta tsaya ta ɗanɗana gishirin tukunya, ta ce wa wani ya miƙo mata itace.

“Ya kai hayya alal falah ke nan sai ya ji ɗumi a fatar idonsa. Ya buɗe. Ga rana tsaye a sama tana kallonsa, ga mutanen Nima tsaye a ƙasa suna kallonsa, kowa da gwangwani a hannu.”

Na taɓa tambayarsa, “Baba, me ya sa ba ka tsaya ba?”

Ya ajiye ludayi ya ce, “Ba a barin sunan Allah a rataye.”

Ya ƙarasa kiran har la'ilaha illallah, ya sauko. Mutanen da yanzun nan suke kukan tashin duniya sai suka fashe da dariya. Tsoro in ya sake mutum yana neman inda zai zuba, Malam kuwa shi ne a tsaye. Kafin ya taka ƙasa an raɗa masa suna: Ladan Magariba Biyu. Ana cikin wannan aka aiko cewa matarsa ta sauka, an sami namiji. Tsakanin kabbarar farko da dawowar rana aka haife shi. Mahaifina ke nan, Alhassan, wanda kowa ke kira Ɗantala don Talatar nan. Kaka ba ta taɓa kiran ko ɗaya daga cikin sunayen biyu ba, ɗan fari ne. Ubanku kawai take cewa.

Da abin ya tsaya a dariya, da Malam ya shanye. Amma kafin magariba ta gaskiya sai aka ji kuka daga ɗakin Mma Hawa. Ta rasu. Nan take labari ya bazu cewa da ta ji kiran nan ta yi bisimilla ta sha ruwa. Ɗanta Mumuni, tsohon soja da bai daɗe da dawowa daga yaƙi ba, ya zo ya sami Malam a ƙofar masallaci, gaban jama'a. Kaka na kwaikwayonsa da irin Hausarmu ta Zango da ba ta raba mace da namiji.

“Kai ne ka karya azumin uwata. Ashirin da tara ya yi da ciwo, na talatin kai ka ɓata. Yanzu ya mutu, yaushe zai rama?”

Malam ya juya ya shige masallaci. Magariba ta yi, bai hau matakala ba, tsohon asuba ne ya kira. Bayan salla ya zo ƙofar ɗakin maijego, ungozoma ta miƙo masa jariri don ya yi masa kiran salla a kunne, yadda ake yi wa kowane ɗa ya fara jin sunan Allah kafin ya ji wani abu. Malam ya mai da hannuwansa baya.

“Bakin da ya ɓata ibadar mai mutuwa ba zai fara shiga kunnen ɗana ba. A kai wa Liman.”

Kaka tana kwance a tabarma, ko zama ba ta iya yi. Yarinyar da ya kamata ta kau da kai kamar ba ta san an haifi kowa ba, sai aka ji muryarta daga ciki.

“Ba wanda zai kira masa sai ubansa.”

Mata suka riƙe baki. Rashin kunya a kan ɗan fari, ran haihuwa! Ungozoma ta zage ta tas. Kaka ta ce ita ma ba ta san daga ina maganar ta fito ba, amma da ta fito ba ta mai da ita ba. Ta san mutumin da ta aura. In wani ya yi kiran nan a madadinsa, to an tabbatar masa da abin da ya faɗa a kan bakinsa, kuma ba zai ƙara buɗe shi ba har abada. Washegari ma ta ga ya ƙulle kayansa a buhu ya jingine bayan ƙofa. Ya ce da an yi suna zai wuce Kumasi, inda ba wanda ya san shi, in ya sami wuri ya aiko a ɗauke su.

Kwana ɗaya, kwana biyu. Liman ya zo sau biyu ya karanta masa abin da littafi ya ce, cewa kuskure ba zunubi ba ne, ba a kansa ba, ba a kan mamaciyar ba. Malam ya ce ya ji. Yana ji ɗin, amma bai shiga ba. Jariri kuma ga shi ɗan ƙarami, ba ya kama nono sosai, kuka ma a hankali yake yi. Mata suka ajiye wuƙa a kansa, suna ta faɗa a kunnen Kaka cewa yaron da ba a yi wa kira ba ƙofarsa a buɗe take ga aljanu. Ungozoma ta rantse za ta ɗauke shi ta kai wa Liman in ta yi barci. Sai Kaka ta ɗaure bakin zanen jaririn a wuyan hannunta.

“Kada ku ɗauka jarumta ce,” in ji ta. “Tsoro nake ji kamar in mutu. Ga uwata ta tafi ban ko raka gawarta ƙofa ba. Ga yaro, in ya koma bai ji kira ba, ni ce. In na sake shi kuma na rasa ubansa yana raye. Kuka nake yi in ba kowa, in an shigo in ɗaure fuska.”

Ran kwana uku, bayan an watse daga sadakar Mma Hawa, sai aka ji ana cewa agoo, sallamar mutanen Ankara, a ƙofa. Adiza ce, 'yar mamaciyar, idonta a kumbure. Malam na zaune a dakalin ƙofa, ya yunƙura zai tashi ya ba ta wuri, ta ce ya zauna, wurinsa ta zo. Kaka na jin su daga ciki. Wannan maganar ba ta taɓa canja ko kalma a cikinta ba, shekara da shekaru, kuma a nan ba ta kwaikwayo don a yi dariya.

“Malam, ɗan'uwana Mumuni ba ya ɗakin, ni ne a ɗakin. Ni na riƙe kan Mma. Tun asuba nake roƙo ya sha ruwa, ya ƙi. Leɓe ya tsage, harshe ya bushe, ina ce masa ya yi shahada, baki na motsi amma ba abin da ke fita. Da Mma ya ji muryarka sai ya buɗe ido. Ya sha ƙoƙo ɗaya, ya ce a ƙara. Ya ce alhamdu lillahi, na gama. Da hannunsa ya yi ƙullin ƙarshe. Ruwan nan ne ya jiƙa harshe, Mma ya yi shahada sau uku, na ji da kunnena. Da rana ya dawo na saki zane a ƙofa don kada ya gani, kuma ban gaya masa ba. In akwai laifi, ni da kai mun raba. Amma da ka jira magariba na gaskiya, da uwata ya tafi da ƙishi, baki a rufe. Abin da na zo in gaya maka ke nan.”

Ta juya ta tafi, ko godiya ba ta jira ba. Malam ya miƙe. Ya ɗauki buta ya yi alwala, a hankali, kamar mai koyo. Ya zo bakin ƙofa ya ce, “Asibi, kawo shi.”

Kaka ta kwance zanen daga hannunta ta miƙa. To kiran kunnen jariri raɗa ake yi, kowa ya sani. Amma mutumin da ya saba kira a ji a Maamobi, kuma ya yi kwana uku da murya a maƙale, ina ya ga raɗa? Ta ce har kwanon rufin ɗaki sai da ya amsa. Jariri ya callara ƙarar da bai taɓa yi ba tun da ya zo duniya, ya yi ja wur, da aka mayar mata da shi kuwa ya cafki nono kamar ana binsa.

“Shi ya sa har yau ubanku ba ya jin magana. Tun ran nan kunnen ya toshe.”

Daga nan Malam ya wuce masallaci. Ya auna inuwar sandarsa, ya sake aunawa, ya ɗaga kai ya kalli rana da kyau, sa'an nan ya hau ya kira la'asar, ido a buɗe. Wani shaƙiyyi ya ɗaga murya ya ce wace magariba ce wannan kuma, aka yi dariya, shi ma aka ga haƙoransa. Sunan bai taɓa barinsa ba, shi ma bai bar Nima ba. Mumuni bai zo ya ba da haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Amma ran suna shi ya riƙe ƙafafun rago, shi ya feɗe.

Azumin Talata kuwa daga nan ya samo asali. Malam ya ce zai yi wa Mma Hawa ranar nan guda. Liman ya ce masa a littafin da ya karanta ba a yi wa wani azumi. Malam ya ce shi bai ce dole a rubuta mata ba, ajiyewa yake a bakin ƙofa, in an karɓa to, in ba a karɓa ba bai yi asarar komai ba sai abincin rana. Da shekara ta zagayo sai ya ce bai sani ba ko na bara ya shiga, bari ya ƙara. Haka ya yi ta ƙarawa har ƙarfinsa ya ƙare.

“Ƙurunƙus,” Kaka za ta ce, ta rufe tukunya. “Yau ba kan kusu ba, kan kakanku.” Shi kuma ya naɗe buzu ya tafi kiran isha'i, yana cewa rabin abin da ta faɗa gishiri ne. Bai taɓa gaya mana wane rabin ba.

Muna yara dariyar kawai muka ɗauka. Mukan hau turmi mu toshe kunne mu yi ta ihu, wani ya zo ya buɗe mana ido. In an tambaye ni darasin labarin sai in ce a duba kafin a yi magana, malamin makaranta ma haka zai so in ce. Da na zama budurwa sai na koma ganin labarin na Kaka ne, na taurin kanta, ina alfahari da cewa jininta ne a jikina. Baba Ladan ya rasu ina sakandare. Da mangwaro ya nuna a shekarar muka taru muka ce ta ba mu, ta ce a'a, labari ba ya daɗi in mai musu ba ya nan. Ba ta ƙara ba da shi ba, kuma na yi kewarsa ƙwarai.

Yanzu ina da shagon ɗinki a Maamobi, kuma halin kakana namiji na ɗauko, ba na kakata ba. In na yanka yadi ba daidai ba sai in kwana uku ba na cin abinci da daɗi, yaran shago su yi ta bin bango. A irin waɗannan kwanakin Adiza nake tunawa. Tana cikin makokin uwarta, ba wanda zai zarge ta in ta yi shiru, amma ta tako ta kawo wa mutum ɓangaren labarinsa da bai gani ba. Shi abin da ya ɓata kaɗai ya sani. Abin da kuskurensa ya gyara yana can cikin wani ɗaki, bayan zane. Ban ce kowane kuskure haka yake ba, na yi wasu da ba su shayar da kowa komai ba. Amma na daina saurin yanke wa kaina hukunci tun ban ji daga wanda ke cikin ɗakin ba.

A watan Maris na dubu biyu da shida aka sake yin husufi a Ankara, ran wata Laraba da hantsi. Wannan karon rediyo ya yi makonni yana shela, 'yan talla a shataletalen Circle na sayar da baƙin tabarau na kwali. A cikin shelar ne mai labarai ya ce rabon da a ga irinsa a ƙasar nan tun ran ashirin ga Mayu, alif ɗari tara da arba'in da bakwai. Mahaifina na cin tuwo ya tsaya da loma a hannu. Yana neman shekara hamsin da tara a duniya, sai ran nan ya ji ranar haihuwarsa. Wadda ke takardunsa wani akawu ne ya dubi tsayinsa ya rubuta. Daga baya ɗana ya nuna mini a waya jerin abubuwan da suka faru a wannan kwanan wata, da manyan da aka haifa, da manyan da suka mutu. Na karanta har ƙasa. Ba Mma Hawa, ba Ɗantala, ba ladanin da ya kira magariba rana na sama. Ban ji haushi ba. Su ma can ba su san namu ba, mu ma ba mu san nasu ba.

Ran husufin muka fito da Kaka tsakar gida a kan kujerarta. Ta tsufa sosai, idon ya yi hazo. Na miƙa mata tabarau ta ture, ta ce ita ta riga ta gani. Haske ya fara ja baya, iska ta yi sanyi, yara na tsalle, samari na kan rufi suna tafi da fito. Da duhun ya rufe sai na ga ba sama take kallo ba. Ta karkatar da kai wajen masallaci, wanda yanzu bene ne mai lasifika huɗu, ta ɗaga mini hannu in yi shiru. Ta saurara har rana ta dawo. Ba abin da ya fito daga can.

“Ba wanda ya yi kuskure,” ta ce.

“E, Kaka. Yanzu kowa ya sani, an faɗa a rediyo.”

Ta gyaɗa kai, ta daɗe tana murza bakin zanenta.

“To, Allah ya sa babu mai jin ƙishi.”